Ƙashin da Na Kai Madina

Tun da na dawo mutane ba su bar ni na sha iska ba. A kasuwa a tambaye ni, a wurin jana'iza a tambaye ni, har wanda bai taɓa gaishe ni ba yanzu ya san ƙofar gidana. Ni kuwa ba mai yawan magana ba ne. Shi ya sa na zauna sau ɗaya na faɗa aka rubuta, don ban yi karatu ba. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Sunana Idi, sana'ata haƙar rijiya. Ƙasa ta rufta da ni ba sau ɗaya ba, na ga yunwar da ta share shanun Adar, ban mutu ba. Rijiya ta ƙarshe da na haƙa ita ce ta garinmu, Tsamiyar Bube, arewa da Tawa. Kafin ita matanmu kan fita da jakuna tun da sassafe, su dawo da ruwa bayan azahar. Ina dab da cim ma ruwa digata ta bugi wani abu. Gaɓar ƙashin baya ce, irin wadda mahauci ke sarewa, sai dai ta kai girman ƙwaryar fura, kuma ta zama dutse. Akwai 'yan'uwanta a jere cikin bango. Na ciro ɗaya, na ci gaba da aikina, ruwa ya zo.

Na ajiye ƙashin a bakin rijiya, Liman Haruna ya gani. Liman sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe ya kafe. Ya zagaya ƙashin, ya ce na Basamude ne, cikin ƙattin nan da Allah ya halaka. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai shan ruwan rijiyoyin Samudawa, har garin da suka kwaɓa da shi raƙuma aka ba.

Na ce, "Liman, ruwan nan mai kyau ne."

Ya ce, "Ban ce ba shi da kyau ba, Idi. Na ce na halakakku ne."

Aka rufe rijiyar da ƙaya. Mata suka koma ga jakunansu, suna wuce ta kullum, safe da rana.

Ana haka wani mai shanu da na daɗe ina yi wa rijiyoyi ya biya mini kujerar umara. Liman yana da ɗan ƙane a Madina, Sani, yana karatu a jami'a. Na ce zan tafi da ƙashin, malaman can su gani. In na Basamude ne, ni da kaina zan cike rijiyar. In ba nasa ba ne, a ɗauke ƙaya. Liman ya yarda, amma ya ce kada in dawo masa da "an ce".

Na naɗe ƙashin a bargo na sa a buhu. Zuwa Ƙonni a kan buhunan albasa na zauna, na isa ina warin miya. A kan iyaka wani ma'aikaci ya ɗaga buhun da hannu ɗaya, buhun ya ƙi.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Ƙashi."

"Na me?"

"Shi zan je tambaya."

"A ina?"

"Madina."

Ya kira abokan aikinsa, suka buɗe, suka ƙwanƙwasa shi da makulli. Babbansu ya ce ya ga masu fita da zinari, ya ga masu fita da fatar damisa, bai taɓa ganin mai kai wa Larabawa dutse ba. Ya ce in wuce, in yi masa addu'a.

A Sakkwato yaron mota ya ce buhun ma fasinja ne. Na ɗora shi a cinya har Kano. Da muka sauka ƙafafuna ba su san ni ba, sai da aka riƙe ni kamar sabuwar amarya.

A filin jirgi aka ce kayana sun yi nauyi, sai in rage. Ina da garin gero da matata ta daka mini, ina da ƙashi. Na bar garin. Matar da ke bayana a layi ta dube ni, ta dubi buhun, ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba."

Jirgi ban so shi ba. Na saba da rami, ban saba da sama ba. A rami in abu ya lalace ka san inda za ka faɗa, kusa ne. Na rufe ido na yi ta salati har aka ce Jidda.

A nan ne abin ya so ya yi tsami. Askari ya fito da ƙashin ya ɗora a tebur, ya ɗaure fuska, yana ta Larabci. Wani Bahaushen Cadi mai shara ya matso ya raɗa mini cewa mutumin yana zaton kayan tsafi ne, kuma a ƙasar nan ba a wasa da wannan. Ya ce in gaya masa gaskiya zai fassara. Na gaya masa tun daga diga har ƙaya. Ya juya ya yi wa askarin magana da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Askarin ya saki fuska, ya ce masha Allah, ya taya ni mayar da shi buhu.

A waje na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce kai tsoho ne mai ciwon sanyi, da shi kake taimama."

"Ƙarya ka yi."

"To koma ka gyara."

Ban koma ba.

Makka ba zan faɗe ta a nan ba. Na yi umarata. Abin da na ji a zuciyata nawa ne. Haka ma ranar da na shiga masallacin Annabi na yi gaisuwa. Wanda ke son ya sani ya je.

Motar Madina tana da sanyi kamar cikin randa. Mu a wurinmu in mota ta yi sanyi, taga ce ta fashe. Nan kuwa na'ura suke kunnawa, sannan kowa ya lulluɓa. Bargona yana jikin ƙashi, sai na yi ta rawar ɗari ni da ke tsakiyar hamada.

Sani ya tarbe ni a tasha. Na san shi yana bin awaki ba wando, yanzu ga gemu, ga farar jallabiya, ga waya a aljihu, a lokacin da ko a Tawa masu ita ƙalilan ne. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya kai ni unguwar Al-Sih, gidan wata Hajiya Zainabu da ke saukar da baƙi. Iyayenta da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina, a Sudan aka haife ta, a Madina ta tsufa. Hausarta rabi ce, sauran Larabci. Jikokinta in ka ce musu sannu sun ji, amma da Larabci za su amsa, kamar kana jefa guga a wata rijiya yana fitowa a wata.

Da safe ta kawo wake da aka dama ya yi laushi, an zuba masa mai, da gurasa mai faɗin faifai. Na ci. Da rana shinkafa da kaza, da yamma shinkafa da rago. Mutanen nan ba su san gero ba sai don tantabaru. Na ga ana sayar da shi a ƙulle ana watsa musu a fili, na tsaya ina kallo, na tuna garina da na bari a Kano.

Abin da ya fi ba ni mamaki ruwa ne. Gari a cikin duwatsu, ba gulbi, amma ka murɗa ƙarfe a bango ruwa ya zubo. A masallaci ga shi a jere, mai sanyi, ba mai tsaro, ba igiya. Na tambayi Sani su waye ke haƙa musu. Ya ce yawancinsa na teku ne, ake cire masa gishiri a turo shi ta bututu. In ana kiran salla kuwa mai kanti sai ya yafa ƙyalle a kan kaya ya tafi. A kasuwar Tawa ka yi haka, ƙyallen ma ba za ka tarar ba.

Hajiya ta gano ƙashin tana shara, ta buga ɗan yatsa a jikinsa.

"Malam Idi, esh hada? Mene ne wannan a ƙarƙashin gadona?"

Na gaya mata.

Ta saki tsintsiya. "Haram alaik. Mutumin da Allah ya halaka ka ɗauko ka kawo garin Manzo, ka rasa inda za ka kwantar da shi sai ɗakina? Ni da nake roƙon a binne ni a nan?"

"Ba a tabbatar mutum ne ba, Hajiya."

"Kafin a tabbatar ya hau sama. Yalla, maza."

Na kai shi saman soro. Kyanwowin unguwa suka mai da shi matashi.

Sani ya kai ni wurin malaminsa, wani dattijo Balarabe mara hayaniya. Aka kawo gahawa a ɗan kofin da bai kai murfin kwalba ba. Na shanye na miƙa kofin, aka sake cikawa. Na shanye na miƙa, aka sake. Ni ina ganin rashin kunya ne in bar musu, su suna ganin rashin kunya ne su hana ni. Sai da cikina ya fara kuka Sani ya ce, "Baba, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi." Na ce da ya bari sai na mutu tukuna.

Malamin ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce garin Samudawa sananne ne, yana arewa da Madina, gidajensu na nan sassaƙe a duwatsu, kuma hanin a kan rijiyoyin can ne. Ya ce ƙofofin gidajen ma ba su nuna mutanen sun kai girman da ake faɗa ba. Ƙashi kuwa ba fanninsa ba ne, a kai wa likita. Na ce a kai ni garin nasu in gwada da idona. Sani ya ce takardata ta umara ba ta kai can.

A hanya ya ce, "Shi ke nan ai, Baba. Ka gaya wa Baffa abin da Shehi ya ce."

"In ce masa wa ya ce?"

"Ni na ji, kai ka ji."

"Kai da ya yi wa wanka kana yaro? Ni da ban san alif ba?"

Ya san baffansa, sai ya ce akwai wani likita da ya sani, mu je wurinsa.

Likitan Bakano ne, Dakta Bashir, mai aikin ƙashi a wani asibiti. Gidansa a Al-Ranuna yake, wajen Kuba. Muka je ranar hutunsa, na sauko da ƙashin daga soro, na kakkaɓe gashin kyanwa. Ya tarbe mu da raha.

"Baba, ku mutanen Adar ba ku zuwa hannu sake. Wasu cuku suke kawo mini, kai ka kawo dutse."

Da na buɗe bargon sai rahar ta tsaya. Ya durƙusa a kan darduma, ya juya shi, ya sa yatsa a ramin tsakiya, ya shafa fikafikan gefe. Ya daɗe.

"Wannan ba na mutum ba ne."

"Ko ƙato?"

"Ko ƙato. Mai tafiya da ƙafa biyu a miƙe ba haka gaɓarsa take ba. Tsaya, Baba."

Ya shiga ciki. Muka ji ana jan kwali, muka ji matarsa tana cewa, "Yau kuma? Jiya na share wurin nan." Ya fito da tarin tsofaffin jaridu ɗaure da igiya, sun yi ja kamar ganyen taba. Ya ce na mahaifinsa ne, malamin makaranta, wanda bai taɓa yar da jarida ba har ya rasu. 'Yan'uwa sun raba gida da gona, shi ya ɗauki jaridu, ya biyo su da su har Madina. Matarsa ta leƙo ta gaishe mu, ta ce in muna so mu kwashe duka, za ta ƙara mana da kwalin.

Ya yi ta buɗawa yana atishawa, har ya samu. Jaridar Hausa ce, ta tun yana ɗan firamare. Ga hoton wani Buzu kwance a kan rairayi, kusa da shi ƙashin ƙafa, ƙashin ya fi shi tsawo. A ƙasa an zana dabbar: wuya kamar raƙumin dawa, jiki kamar rumbu, wutsiya ba iyaka, kai ɗan mitsitsi. Likita ya karanta mana. Labarin wasu Turawa ne da suka tono irin waɗannan ƙasusuwa a hamadar wajen Agadas. An ce dabbobin sun rayu sun ƙare tun ba a halicci ɗan Adam ba, lokacin da wurin yake da gulabe da dazuzzuka. Ya ce sunanta dainaso.

Na ce, "Damo ne."

"Kusan haka, Baba. Damon da ya fi babbar mota."

Na sa yatsa a bayan zanen, na bi gaɓoɓin. Irin nawa ne. Na tuna waɗanda na bari a bangon rijiya, na ce ashe a bayan abin nan na yi ta tsayawa ina cin goro.

Ya ce gobe zai sa a ɗauki hoton shafin a na'ura, in tafi da shi.

"Farar takarda sabuwa?"

"Sabuwa fil."

"Liman zai ce jiya ka zana. Ba ya yarda da takardar da jikansa ya girme ta. Wannan nake so."

"Baba, ta mahaifina ce."

"Na sani. Matanmu kuma tun asuba suke bin jaki."

Ya dubi jaridar, ya dubi ƙashin. Na ga yadda yake dubansa tun da na buɗe, irin duban da makiyayi ke yi wa saniyar wani. Na tura masa shi da ƙafa.

"Ka riƙe wannan, in riƙe wannan."

Ya yi dariya, amma bai ƙi ba. Ya ninke shafin da kansa, ya sa a leda, ya ce kada rana ta taɓa shi. Sannan ya share saman kabad ɗin falo, ya sauke kwanonin ado, muka ɗora ƙashin. Matarsa ta fito da shayi ta tsaya.

"Takarda ɗaya ta fita, dutse ya shigo. Baba, Allah ya saka maka."

Na ce amin.

Hajiya Zainabu da ta ji ba mutum ba ne sai ta ji haushin na bayar. Ta ce dabba mai wannan ƙarfi, da na ɓantaro mata kaɗan ta niƙa ta shafa a gwiwa. Na ce ita ta kore shi. Ta ce, "Halas, ya wuce, ai ban san damo ba ne." Ranar tafiyata ta yi mini tuwo da miyar kuka, ta cika buhun da dabino. Ya fi sauƙin ɗauka.

Na iso gida ana zafi. Ƙaya tana nan a kan rijiya, har ta ƙaru. Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci, malamin makarantar boko ya karanta jaridar da ƙarfi. Liman ya karɓa, ya shinshina, ya murza gefenta, ya daɗe a kan hoton Buzun.

"Takardar ta tsufa," in ji shi. "Ba Basamude ba ne."

Mata da ke tsaye daga nesa suka fara guɗa. Ya ɗaga hannu.

"Dabba ce. To, wa ya yanka ta?"

Na ce, "Liman, ba a yi mutane ba a lokacin."

"Mushe ke nan. Mushe in ya mutu a rijiya, a fitar da shi, sannan a kwashe ruwa gwargwadon girmansa. Haka yake a littafi. Malam, me suka ce tsawonta?"

Malamin ya duba ya faɗa. Liman ya tashi ya auna da taki, daga ƙofar masallaci, ya wuce rumfar mahauta, ya tsaya a gindin bagaruwa. Ya juyo yana dubanmu daga can. Wani ya ce ɓera ma guga nawa ake yi masa, balle wannan.

Ban yi gardama ba. Kwasar ruwa aiki ne, aiki kuwa na san shi. Washegari aka ɗaura mini igiya na sauka, na ciro gaɓoɓin da suka yarda su fito. Sauran sun haɗe da dutse, Liman ya leƙo ya ce abin da ya zama dutse dutse ne. Aka ɗaura raƙumi da jakuna, aka shiga ja. Maza suka yi ta ja kwana da kwanaki, hannuwa suka yi kanta, igiya ta tsinke aka sake wata. Shanun gari da na baƙi suka sha har suka ƙi. Wurin ya zama taɓo, kwaɗi suka zo daga inda ba wanda ya sani. Kullum a tambayi Liman ko kwasar ta kai wuyan dabbar, ya ce ana wajen wutsiya tukuna. Mata suna wucewa da jakuna suna yi wa mazansu sannu da aiki, ba da zuciya ɗaya ba.

Ranar da 'ya'yansa biyu suka kasa ɗaga hannu su ci tuwo, Liman ya zo da hantsi ya karɓi guga da kansa. Ya ja, ya zuba a ƙwarya. Ya dubi launinsa, ya shinshina, ya kurɓa ya riƙe a baki. Ya haɗiye, ya ƙara, sannan ya tsuguna ya yi alwala da sauran.

"An kai kai," in ji shi.

Bai gama miƙewa ba tuluna suka kewaye mu. Ina tsaye a bakin rijiyar ina kallon guga na sauka, wata tsohuwa ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Idi, in ka gama kallo ka matsa, ka tare mana wuri."

Na matsa.